Kuɗin Cefane a Zamanin Tsada: Ragin da Ke Rufa Asiri da Ragin da Ke Cin Gobe

Tun daga watan Yulin 2024, mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne. In aka kasa shi kwana 30, kowace rana ta tashi da naira 2,333. A gidan da ke da miji da mata da 'ya'ya biyar, rabon kowane baki bai kai naira 350 ba, kuma a cikinta ake so a fitar da abinci, ruwa, makamashi, kuɗin mota, sabulu, haya, magani da kuɗin makaranta. Wannan ma lissafin mai albashi ne. Akasarin magidanta a Arewa ba su da ƙarshen watan da suke jira. Ɗan dako, mai faci, mai shayi, direban Adaidaita Sahu, kowa sai ya fita yake samo na ranar, hannu baka hannu ƙwarya. Duk da haka kullum ana ɗora tukunya a miliyoyin gidaje. Abin dubawa shi ne yadda ake yi, da abin da ake sarayarwa kafin a iya yi.

Kowane gida ya rage wani abu a 'yan shekarun nan. Sai dai ragi iri biyu ne. Akwai wanda ke toshe ɓarna, ya bar gida da ƙarfinsa. Akwai kuma wanda ke sauƙaƙa yau, ya tura wa gobe bashin da ya ninka abin da aka tsira da shi. Gwanintar tattali duka tana cikin rarrabe waɗannan biyun.

Ta ina tsadar ta shigo

A ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yanke mata daraja. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta zarce 1,500 a farkon 2024. Duk abin da mota ke ɗaukowa, da duk abin da ake shigowa da shi ko da kayan haɗa shi daga waje, ya tashi lokaci guda: fulawa, sukari, taki, magani, kayan gyaran babur.

Arewa kuma tana da nata ƙarin. 'Yan bindiga sun hana noma a yankuna da dama na Zamfara, Katsina, Sakkwato, Kaduna da Neja, inda kuma aka bari a yi, sai an biya su haraji kafin shuka da kafin girbi. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya jawo rufe iyaka na watanni, cinikin Jibiya da Maraɗi, da na Illela da Ƙonni ya tsaya cak. Faɗuwar naira a gaban sefa ta sa hatsinmu ya zama araha ga 'yan kasuwar maƙwabta, ya riƙa fita. A watan Satumban 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ta malale Maiduguri.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Nauyin wannan adadi yana fitowa ne in aka tuna cewa binciken hukumar na 2019 ya gano kusan kashi 57 cikin 100 na abin da gidajen Najeriya ke kashewa a abinci yake tafiya. A gidan talaka kason ya fi haka nesa. Shi ya sa a watan Fabrairun 2024 aka ga mata sun tare hanya a Minna, masu gurasa a Kano suka fito kan tsadar fulawa, aka kuma koma cin afafata, ɓarzajjiyar shinkafar da a da masu kiwon kifi ake sayar wa.

Tsadar ƙulli

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne talaka ya fi mai kuɗi sayen kaya da tsada. Je ka tsaya a bakin shagon unguwa da hantsi. Yarinya za ta zo da gyale a kai, kuɗi a dunƙule a hannu, tana karanto saƙo kada ta manta: shinkafa gwangwani uku, man gyaɗa na ƙulli, magi guda biyu, omo na leda, gishiri. Mai shago ya zuro ludayi a jarka, ya tsiyaya mai a 'yar leda, ya ƙulle bakinta. Shi daga Kasuwar Singa ya saro jarkar, ya fitar da kuɗin mota, kuɗin leda, haya da ribarsa, kowane ƙulli kuma da nasa kason a ciki. In aka haɗa ƙulle-ƙullen wata guda, sai a ga gidan ya biya kuɗin da ya fi na galan, amma bai ci man galan ba. Haka gwangwani yake a kan mudu, haka mudu yake a kan buhu.

Faɗa wa mai samun na yini cewa ya sayi buhu kamar zolaya ce. Amma akwai hanyoyi a tsakani, kuma mutanenmu sun daɗe da saninsu. Gidaje huɗu ko biyar na haɗa kuɗi, su tura mutum ɗaya Dawanau ko kasuwar ƙauye ranar da take ci, a sayo buhu a raba da kwano ɗaya a gaban kowa. Malaman makaranta da ma'aikata na yin haka ta ƙungiyoyinsu na gama-kai, a cire kuɗin daga albashi kaɗan-kaɗan. Mata kuma suna da adashi. Adashi ba ya haihuwa, abin da aka zuba shi ake kwasa, amma yana yin aikin da ya fi riba ga ƙaramin gida: yana mai da tsabar kullum dunƙulallen kuɗin da zai iya sayen buhu. Mai dabara takan roƙi uwar adashi a sa kwasarta ta faɗo a kaka.

Lokacin saye shi ne rabin tattali. Gero, dawa, masara da wake sun fi sauƙi daga Oktoba zuwa Disamba, sun fi tsada a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabo bai iso ba. Tumatir da tattasai kan cika kasuwa a lokacin sanyi, sa'ad da kayan Kadawa da Kura ke fitowa, sai su yi wuya da bazara zuwa farkon damina. Matar da ta yanka kwando ta shanya a lokacin arha ba za ta san an yi tsadar kayan miya ba. Haka kuɓewa, kuka, zogale da yakuwa.

Ajiya kuwa tana da sharaɗi biyu. Na farko, kada a kashe ƙwari da abin da zai kashe mutum. Barbaɗa wa wake fiya-fiya ko maganin feshin gona ganganci ne, kuma ragowar irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya tun 2015. Jarka busasshiya da aka cika taf aka toshe bakinta, ko buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, suna kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba tare da ɗigon magani ba. Na biyu, a sayi na ci, kada a ci bashi a sayi na jiran tsada. Waɗanda suka tara masara a ƙarshen 2024 suna jiran ta ninka sun sha mamaki a 2025, lokacin da farashin hatsi ya sauko bayan gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci ba haraji.

Abin da ke cikin tukunya

A shekarun baya-bayan nan shinkafa, taliya da indomi sun mamaye madafan birni har aka fara ganin tuwo abincin marasa hali ne. Tsada ta dawo da gidaje da yawa kan hanya. Mudun masara ko dawa in aka kai inji ya fi mudun shinkafa auki. Dambu da zogale ko rama, fate da alayyahu, ɗanwake, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, wake da ɗan manja, duka abinci ne masu riƙe ciki, masu gina jiki. Waken suya ya zama naman talaka: a yi awara, a yi madara, a zuba garinsa a miya ko a kunu. Daddawa na rage magi. Wannan shi ne ragi mai kyau, domin aljihu ya huta, jiki kuma bai yi asara ba.

Ragi mai cin gobe shi ne wanda ake cika ciki da abu ɗaya tilo. Garin kwaki da ruwa safe da rana, ko tsurar taliya da mai da yaji kullum, na kashe yunwa, amma yaro ba ya girma da su. Babba zai iya jure cin abinci sau biyu a yini na wani lokaci. Yaron da bai cika shekara biyu ba, da mai ciki, da mai shayarwa, ba su da wannan juriyar, kuma abin da yaro ya rasa a waɗannan shekaru na farko da wuya ya dawo. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da rahoton cewa yara sama da 600 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina a watanni shida na farkon 2025. Saboda haka rabon abinci ma tsari ne. Al'adar ware wa maigida tsoka da mai, a bar wa yara ƙanzo, ba ta dace da wannan lokaci ba. In ƙwai ɗaya ne a gida, na ƙaramin ne. Gero, waken suya da gyaɗa da aka soya sama-sama aka niƙa tare suna ba da garin kunun da ya fi na gwangwani sauƙi nesa, kuma ma'aikatan lafiya na koyar da haɗa shi a asibitocin sha-ka-tafi.

Wuta ma ci take yi. Kilon gas da litar kananzir duka sun haura naira 1,000, aka koma gawayi da itace, su ma suka bi sahu. Jiƙa wake tun dare, rufe tukunya, kare murhu daga iska, haɗa girkin rana da na dare, kashe garwashi da zarar an sauke domin gobe, waɗannan ƙananan abubuwa ne da ke sa buhun gawayi ya ƙara kwana. Hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba a cikin rufaffen madafi kuwa araha ce da ake biya da ƙirji.

Tsakanin maigida da uwargida

Babu dabarar da za ta yi aiki a gidan da ba a faɗa wa juna gaskiya. Da yawan maza na ganin kasawa ce mace ta san nawa suke samu. Sai ya ajiye kuɗin cefanen da yake bayarwa tun kafin a cire tallafi, ya sa kai ya fice, da daddare kuma ya tambayi me ya sa miya ta tsinke. Ita kuma ta yi ta cikawa da kuɗin kitso, na ɗinki ko na 'yar sana'ar da take yi, har jarin ya narke ba wanda ya sani. Rikicin aure da yawa da ke zuwa gaban Hisba da kotunan shari'a daga nan yake farawa.

Gyaran ba ya cin ko sisi. A zauna bayan isha'i, yara sun kwanta, a ɗauko tsohon littafin makaranta da biro.

"Maman Abba, ga abin da ya shigo wannan satin. Balas na mai mashin na nan, ban taɓa shi ba. Me ya ƙare?"

"Masara za ta kai mu Laraba. Mai ne babu, sai sabulu. Kuma malamin Islamiyya ya aiko."

"To a fara da mai da kuɗin malam. Sabulu a sayi na sanda, a yanka."

Da irin wannan zama ake gano inda kuɗi ke zurarewa. Sau da yawa ba a madafi ba ne. Katin waya da data, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da aka amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025, shayi da ƙwai a teburin mai shayi, tsire a majalisa, sigari, goro, kuɗin kallon ƙwallo: in magidanci ya rubuta abin da yake ci shi kaɗai a waje, zai iya tarar da ya kai rabin abin da ya bar wa mutum shida a gida. Gidan da ke da mata fiye da ɗaya ya fi buƙatar wannan fayyacewa, domin a auna wa kowane ɗaki gwargwadon bakunan da ke cikinsa, kada zargi ya samu wurin shiga.

Bashi da biki

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba duka ne iri ɗaya ba. Littafin mai shagon unguwa ya rufa asirin gidaje ba adadi. Amanar nan dukiya ce, kuma ana kiyaye ta da biya a kan lokaci ko da rabi ne, da zuwa a ba da haƙuri da baki maimakon sauya hanya. Shi ma mai shagon jarinsa ƙarami ne, in littafi ya cika ya ƙi raguwa, rufewa zai yi, unguwa ta rasa madogara.

Na gudu shi ne bashin manhajojin waya masu ba da rance cikin minti biyar. Ban da haramcin riba, ruwan da suke ɗorawa a mako biyu ya isa ya dulmuyar da mai albashi, wasunsu kuma in an makara sai su bi lambobin da ke cikin wayar mutum suna tona masa asiri. Ɗan'uwansa shi ne tarkon riba ta dare ɗaya. MMM ta cinye kuɗin jama'a a 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, cacar ƙwallo kuma kullum tana yi a hankali. Matsi ne ke sa mai hankali ya yarda da abin da da can zai yi wa dariya.

Sai kuma hidimar da muka ɗora wa kanmu. Lefe akwati-akwati, kayan ɗaki, gara, anko, kamu, dina, ɗaukar hoto kafin biki. Uba ya sayar da gona ya yi wa 'ya jere, ango ya tare da bashin da zai shekara biyu yana biya, amarya ta fara zaman aure da kuɗin cefanen da bai kai ba. Sadaki da walima gwargwadon hali su ne abin da addini ya nema. A nan ma sai an bambance. Gudummawar biki, ta suna da ta rasuwa ita ce inshorar talaka, wanda ya yanke ta gaba ɗaya ranar tasa zai waiga bai ga kowa ba. Abin ragewa shi ne gasa. A kai gudummawa daidai ƙarfi, a je da tsohuwar atamfa a wanke a goge, a bar anko ga mai iko.

Abubuwa uku da ba a fara taɓawa

Na farko lafiya. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita, magunguna kuma sun yi tashin gwauron zabo, musamman bayan da kamfanin GSK ya sanar da janyewa daga ƙasar a 2023. Sakamakon haka ake sayen rabin maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis, a daina sha da zarar jiki ya yi sanyi, mai hawan jini ya riƙa tsallake kwana. Ƙarshenta a kwana a asibiti ana neman jini, ko a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Gidan sauro, rigakafin yara da awon ciki a asibitin gwamnati ba su da tsada, wasu ma kyauta ne, kuma su ne ke tare babbar asara.

Na biyu karatu. Mayar da yaro daga makarantar kuɗi zuwa ta gwamnati ba abin kunya ba ne, in iyaye za su riƙa duba littafinsa. Cire shi gaba ɗaya, ko ɗora wa yarinya farantin talla a lokacin da 'yan'uwanta ke aji, shi ne sayar da shekara talatin masu zuwa a kan ribar yini.

Na uku abin nema. Keken ɗinki, injin markaɗe, babur, akuya mai haihuwa, gona. In tura ta kai bango, a fara da abin da ba ya kawo komai: ƙarin waya, kayan kabet, zannuwan da ke kwance a akwati. Wanda ya sayar da abin da yake ci da shi ya ci sau ɗaya ke nan.

Inda tattali ya tsaya

Duk waɗannan dabaru suna aiki ne a gidan da wani abu ke shigowa. Rahoton Hukumar Ƙididdiga na 2022 ya ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kusan kashi biyu cikin uku nasu a Arewa, kuma wannan kafin a cire tallafi ne. A cikinsu akwai waɗanda ba su da abin ragewa: 'yan gudun hijira, zawarawa masu marayu, tsofaffin da fanshonsu ya maƙale. Yi wa irin waɗannan wa'azin tattali rashin kunya ne. Haƙƙinsu yana kan maƙwabcin da ya wadata, da mai dukiyar da zakka ta hau kansa, a nan unguwa, kafin a je neman mabuƙata a nesa.

Babban kaso kuma yana kan hukuma. Tun bayan cire tallafi, kuɗin da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. Rabon shinkafa a filin wasa, inda ake turmutsitsi a gaban kyamara, ba ya sauya lissafin cefanen kowa bayan kwana uku. Abin da ke sauya shi sananne ne: manomi ya iya zuwa gonarsa ya dawo, taki ya iso kafin shuka, famfo ya kawo ruwa a daina sayen ruwan kura, asibitin unguwa ya samu magani, makarantar gwamnati ta samu malami, motar haya mai sauƙi ta hau titi, albashi da fansho su fito a kan kari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cire wani layi ne daga littafin kashe-kashen gida. Magidanta da matan gida sun riga sun yi nasu ragin har sun kai ƙashi. Yanzu haƙƙinsu ne su tambayi gwamna da shugaban ƙaramar hukuma, da alƙaluma, ina aka kai rarar da aka ce cire tallafin zai samar.